Sunan da ke Kundin Alƙali

Ina da shekara uku mahaifina ya rasu, wansa ya ɗauke ni riƙo. Baffa nake ce masa. A takardata ta firamare, wadda ita kaɗai na mallaka, sunansa ne a bayan nawa. Abin bai taɓa damuna ba sai shekarar da 'yata ta fari ta samu aiki a wata ma'aikata, lokacin mulkin farar hula, ko'ina a Abuja ana tona ƙasa ana ɗora bene. Aka ce ta kawo shaidar asali, ni kuma in je kotu in yi rantsuwa, in faɗi sunan ubana.

Nan hankalina ya tashi. In na rantse da sunan Baffa, na jingina kaina ga wanda bai haife ni ba, da Alƙur'ani a hannuna. Sunan mahaifina na yanka kuwa ban san shi ba. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, marigayi take cewa. Mutanen ƙauyenmu da laƙabin sana'arsa suke tuna shi. Baffa ya sani, amma ta yaya zan dubi mutumin da ya ciyar da ni, ya yi min aure, in tambaye shi sunan ubana, kamar shi ba uba ba ne?

Maƙwabcin shagona a kasuwar Gudu ya ce in sa hannu kawai, kowa haka yake yi, babu mai dubawa. Na ce masa akwai mai dubawa.

Wata goggona ta taɓa cewa a gaban alƙali aka ba Baffa ni, domin dangin mahaifiyata sun so su tafi da ni. Sai na rufe shago na hau motar Kuje, inda kotun alƙalin take, ban gaya wa kowa ba. Sau uku ina zuwa. Ranar farko mai makullin ɗakin ajiya bai zo ba. Rana ta biyu aka ciro kundin, gara ta ci gefensa, ga shi da ajami, magatakardan kuma boko kaɗai ya iya. Rana ta uku aka samo wani tsohon masinja ya zauna a kan benci yana bin layi da yatsa har ya iso kaina: yaro namiji, maraya, an danƙa riƙonsa ga wan ubansa. Ya karanto sunan. Na roƙe shi ya maimaita, ya maimaita, na rubuta a takarda, na sa ya duba ko na yi daidai.

Ashe masinjan surukin wani ɗan ƙauyenmu ne. Kafin in je gaishe da Baffa ranar Asabar, labari ya riga ni. Na same shi a gindin mangwaro yana ɓare gyaɗa. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Kai yanzu har Kuje ka je neman sunan ƙanena? Ai ni na faɗa wa alƙalin."

Na ce kunya ce ta hana ni. Ya ce ya sani, tun ina ƙarami haka nake, ko kaza ce ta yi tari sai na kasa cin abinci. Sannan ya ba ni labarin ranar da ya kai ni makaranta. Hedimasta ya tambaye shi yaron wa ne, ni kuma ina tsaye riƙe da rigarsa. Mai riƙo ba ya cewa ɗan wani ne a gaban yaro. Ya ce nasa ne, aka rubuta.

Na tambaye shi wanne zan rantse da shi.

"Nasa mana. Ni ga ni nan kowa yana ganina. Shi fa?"

Ranar Litinin ya sa babbar riga ya bi ni kotu, ya dangwala yatsa a matsayin shaida. Na yi rantsuwata da sunan mahaifina, 'yata ta kai takardunta aka karɓa. Takardata ta firamaren kuwa ban canja ta ba, an ce sai an buga a jarida, ni kuma ba na son a buga cewa na ajiye sunan Baffa.