Baba Izini da Ƙwaron Malama

A sashen nazarin aikin gona na jami'ar, ba mai kiransa da sunan yanka. Baba Izini ake ce masa, domin duk wanda ya kawo maƙala ofishinsa, tambayar farko ita ce, "Wannan hoton, ka nemi izinin mai shi?"

Shi ne editan mujallar sashen tun tana fitowa a takarda har ta koma intanet, inda kowa ke karantawa kyauta. Ofishin ƙarami ne: tebur ɗaya, fanka mai ƙara, da tsofaffin fitowa jibge a kan kujerar baƙi, sai ka kwashe su kafin ka zauna. Yakan ce wa marubuta, tunda an buɗe wa duniya ƙofa, kowa zai iya kwafar abin da ke ciki ya yaɗa, to kada a saka kayan wani a ciki sai da yardarsa. Akwai farfesan da ya daina gaishe shi saboda wata taswira da ya cire masa. Baba Izini bai fasa gaishe shi ba.

A bana autarsa ta turo maƙala a kan ƙwaron da ke cin wake a ma'aji. Ƙa'idar jami'ar ita ce ba za ta kare digirinta na uku ba sai maƙalar ta fito, kuma fitowar wannan zangon ce ta rage mata. Ranar da takardar ta iso, ya miƙa wa mataimakinsa, ya ce shi ba ruwansa, 'yarsa ce. Masu bita suka duba, suka amince.

A gida ya ga abin. Auta ta baje shafukan gwaji a teburin cin abinci, ya zo wucewa da kofin shayi, idonsa ya faɗa kan zanen ƙwaro da aka yi da fensir. Ya san hannun. Matarsa Malama ce ta zana shi lokacin tana koyar da ilmin halittu a sakandare, kafin a haifi Auta.

"Wannan zanen, kin nemi izini?"

"Haba Baba! Na Mama ne fa. A akwatinta na gani."

"Akwatin naki ne?"

"To ai kai ka ce ba ruwanka da maƙalata."

"A ofis na faɗa. Nan gida ne."

Malama tana tsakar gida tana shanya, suka same ta. Auta ta yi bayani tana dariya, tana jiran a ce a je a saka. Malama ta goge hannu, ta sa tabarau, ta daɗe tana kallon shafin.

"Kowa zai gani?"

"Kowa, Mama. Har ya sauke ya yi amfani da shi, in dai ya ambaci mai shi."

"To ban yarda ba."

Dariyar Auta ta ɗauke. Malama ta ɗora yatsa a kan ƙwaron. Ƙafarsa ta baya ta yi tsawo, in ji ta. 'Yan aji ba su taɓa lura ba, amma ita ta sani, kuma ba za a ɗauki kuskurenta a zagaya duniya da shi ba. Sai ta zana sabo.

Auta ta kalli mahaifinta, ido ya kawo ruwa. Mataimakin edita yana jiran shafukan ƙarshe kafin ƙarshen mako, kuma in ba zanen, bayanin maƙalar ba zai tsaya ba. Baba Izini ya sosa ƙeya. Shi ya tayar da maganar, kuma a dokar da ya yi shekaru yana koya wa mutane, mai abu in ya ce a'a, magana ta ƙare. Bai roƙa ba. Ya je ya nemo fensir da reza.

Haka aka kwana biyu. Malama na zaune gaban taga da ƙwaro a cikin kwalba, shi yana gefe yana fiƙe mata fensir. Hannunta ya daina tsayawa kamar da. Layi ya taho daidai, sai ya karkace. Takardu suka taru a kwando.

"Edita, numfashinka na girgiza min tebur."

"To in daina?"

"Ka matsa dai."

Ya matsa da kujerarsa, ya ci gaba da fiƙa.

Ran Juma'a da safe ta ajiye sabon kusa da tsohon. Ƙafar sabon ta yi daidai, amma bayansa duk rawa. Ta kira Auta.

"Ɗauki tsohon. Amma a rubuta a ƙarƙashinsa cewa ƙafar baya ta fi ta gaske tsawo. Kuma a sa sunana cikakke, kada in ga an rubuta matar edita."

Auta ta rungume ta har tabarau ya faɗi. Baba Izini ya yi gyaran murya.

"Malama, da baki kawai ba ya isa. Sai kin sa hannu."

"Ji mutumin nan! Auren ma da baki aka ɗaura."

Ta sa hannun, da fensirin da ya fiƙe.

Maƙalar ta fito a kan lokaci. Yanzu zanen yana manne a bangon ofishinsa, saitin kujerar baƙi. Kafin ya manna, sai da ya tambaye ta.