Bawa da Mutanen Sama

Shekara tara ke nan da muka kai Bawa makwancinsa a Maradun. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don ni ɗan kasuwa ne, shinkafa nake saye ina sayarwa a Talata Mafara. Abin da ya sa na yi magana bana shi ne ɗansa Nafi'u, wanda ya samu gurbin karatu a jami'a, kakarsa kuma ta ce ba inda za shi.

Bari in fara da uban. Bawa manomin rani ne, a wurinsa nake sayen shinkafa tun ina aunawa da kwano. Da Allah ya buɗa mini na sa talabijin a shago, sai ya zama duk ranar kasuwa nan yake zama daga la'asar zuwa magariba. Nan kuma muka raba gari. Ni wasan barkwanci nake so, in yi dariya in manta da direbobi da 'yan dako. Shi kuwa akwai wani shiri mai dogon zango na wasu mutane da suka ɓata a sararin sama cikin jirgi, suna neman hanyar gida. Ba ya jin Turanci, amma ya san kowa a jirgin, har ya raɗa musu sunaye. Sunan da ya ba matuƙin shi ne Direban Damri, wai don jirginsa kullum a hanya yake lalacewa kamar motar garin Damri.

In na juya tasha zuwa barkwancin Turawa, wanda ake jin dariya na tashi ba a ganin masu yin ta, sai ya tsuke fuska.

"Alhaji, waɗanga masu dariya ina suke? Dariyar haya ce. In abin da daɗi, ni zan yi tawa."

Na ce masa nasa ai ƙarya ce tsagwaronta. Ya ce, "Awo, ƙarya ce, amma mai sa tunani. Taka haƙora kaɗai take buɗewa."

Kuma da gaske tana sa shi tunani. Ya taɓa hawa babur har Bakura don ya tambayi wani malami: mutumin da ke inda rana ba ta faɗuwa, yaushe zai sha ruwa da azumi? Malam ya ce in ya isa can ya aiko a ba shi fatawa. Bawa ya dawo yana cewa malam bai ɗauki maganar da muhimmanci ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kowa da wayarsa, kunne a toshe, yana dariya shi kaɗai. Ina jin yawan shirye-shiryen zai burge shi, amma ba zai ji daɗin kallon ba, don shi rabin daɗin yana wajen musu.

Nafi'u a kan buhunan shagona ya tashi yana kallon jirgin nan tare da ubansa. Da ya kai wa kakarsa albishir, sai ya ce ilimin taurari zai karanta. Kalmar nan ce ta ɓata komai. A kunnen Inna, kakar tasa, mai taurari shi ne ɗan duba, mai zana ƙasa yana faɗa wa mutane gaibu. Ta rantse jikanta ba zai zama boka ba.

Na tafi Maradun da kaina. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ban ambaci talabijin ba, don na daɗe da sanin ba a tallata kaya da sunan da mai saye ya tsana. Na tambaye ta, marigayi Malam mijinta, da me yake gaya wa manoma lokacin shuka?

Ta ce, "Da lissahin taurarin damina mana. In Zira'a ta hita, Nasara ta shigo. Wancan ilimi ne, ba duba ba."

Na ce, "To Inna, dangin wancan Nafi'u zai karanta, sai dai shi da madubin hangen nesa."

Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, "Kai da Bawa kunka ɓata shi da kallon mutanen sama." Na amsa laifi. Ta ce, "Ya tahi. Amma ranar da na ji ya gaya ma wani wadda zai aura, kai zan kama."

Na raka shi tasha da kaina. Muna jiran mota ta cika, na juya na gan shi tsaye da jaka a kafaɗa, ya ɗaga kai yana kallon sama da rana tsaka, baki a buɗe. Tsayuwar nan ba tasa ba ce, ta Bawa ce.

Gonar Bawa an raba ta tun shekarar da ya rasu, kowa ya samu 'yar kunyarsa, wasu ma sun sayar. Wannan gadon na kallon sama kuwa mutum ɗaya ya kwashe shi duka, ba wanda ya yi masa jayayya. Allah ya jiƙan Bawa, ya sa ya huta.