Likkafar Hagu ta Dorcas Tillery

Dorcas Tillery ba ta taɓa mallakar doki ba. Dawakin mutane ta yi wa bauta tun tana budurwa har furfura ta cika mata kai, a wata gonar dawaki da ke gindin duwatsun Virginia a Amurka. Aikinta ɗanyun dawaki ne, waɗanda ba su san komai ba tukuna. Ita ke fara fita da su fili, ta nuna musu gungume, ta nuna musu rami, ta shiga ruwa da su ta fito, har doki ya daina ganin kowane shinge kamar abin da zai cinye shi. In ya ƙware, sai mai shi ya zo da farin wando ya hau, a ɗauke shi hoto. Ita kuma a miƙo mata wani ɗanyen.

Abin da ta mallaka sirdi ne guda, da likkafu biyu na ƙarfe masu nauyi da ta gada wurin mahaifinta. Shi ma a barga ya ƙare rayuwarsa. Tare da likkafun ya bar mata ƙa'ida ɗaya: in ka sa ƙafa, dole yatsa ya shiga tsakanin takalmi da ƙarfe ta kowane gefe. In likkafa ta yi faɗi da yawa, ƙafa za ta zarce ciki. In ta matse, takalmi zai maƙale, ranar da doki ya yar da kai sai ya ja ka a ƙasa har inda ya gaji. Tsohon ya taɓa ganin wanda aka ja haka. Bai cika son ba da labarin ba, yatsa kawai yake ɗagawa.

Dorcas ta riƙe wannan ƙa'ida fiye da yadda take riƙe zuwa coci. Duk wanda zai fita filin tsalle sai ya bi ta ƙofar da take tsayawa. Ba gaisuwa, ba neman izini, sai ta kama ƙafar mutum ta cusa yatsa. In bai shiga ba, ta ce ya sauka. Ta sauke yara, ta sauke manya, ta taɓa sauke ita kanta mai gonar, Misis Hollis, ranar da ta hau da takalmin sanyi mai kauri. Mutane suna yi mata tsiya a bayan ido, amma ba wanda ya taɓa wucewa bai miƙa ƙafa ba.

Abin da ya karya ta ba tsalle ba ne. Tana wanke wani ɗan doki ya firgita da tiyon ruwa, ya zame, ya faɗo mata a idon sawun hagu. Likita ya ɗaure ƙashin da ƙarfe. Ƙafar ta warke, amma ta warke da kauri, kuma ba ta juyawa gefe sai ka ce an dasa ta. Dole aka ɗinka mata takalmin hagu mai faɗi.

Ranar da ta koma kan sirdi, takalmin ya shiga likkafar mahaifinta da ƙyar, ya zauna cif kamar murfin kwalba. Ba ta buƙatar sa yatsa ta sani. Ba ta faɗa wa kowa ba. Sai kawai ta fara hawa a bayan rumbun ciyawa, inda ba ido.

A lokacin akwai wata goɗiya mai suna Tansy da ta isa a fara kai ta ruwa da rami. Misis Hollis ta riga ta faɗa wa Dorcas, cikin taushin murya, cewa in hawa ya yi mata wuya akwai aiki da yawa a ƙasa, ga ɗaurin ƙafafun dawaki, ga rabon abinci. Dorcas ta san fassarar wannan magana. Haka aka faɗa wa mahaifinta, kuma da tsintsiya a hannu ya ƙarasa. In ba ta fita da Tansy ba, wani zai fita da ita, daga nan kuma ba a komowa.

Ƙaninta Wendell ne ya kama ta. Shi ke sa wa dawakin gonar takalmin ƙarfe, mutum ne mai tumbi da yawan surutu. Ya zagayo bayan rumbun da kofin kofi a hannu, ya same ta a kan Tansy tana gyara linzami. Ya tambaye ta ko ɓarauniyar doki ta zama da tsufa, da take hawa a ɓoye. Ta ce ya je ya ji da kofatai. Bai tafi ba. Ya ajiye kofin a kan katako, ya kama ƙafarta ta hagu, ya nemi wurin yatsa. Ko farce bai shiga ba.

"Sauka, Yaya," in ji shi.

"Likkafar baba ce."

"Na sani. Ƙafar ce ba ta sani ba. Sauka, kar ki sa in ji daɗin faɗa sau uku."

Ta sauka. Ba ta yi masa magana ba sauran yinin, shi kuwa ya yi ta fito yana bugun ƙarfe.

Washegari Misis Hollis ta ara mata nata likkafun, irin na zamani, marasa nauyi, masu faɗin wurin taka ƙafa, da gefe ɗaya mai lanƙwasa wanda ke sakin takalmi in mutum ya faɗi. Dorcas ta daɗe tana kiran irinsu kayan wasan yara. Ta ɗaura su. Yatsa ya shiga ta kowane gefe. Da suka fara sassarfa ta ji gwiwarta ta huta yadda ba ta huta ba shekara da shekaru, ta ji haushin hakan, amma ba ta yi wa kanta ƙarya ba. Abin yana da kyau.

Tansy ta tsallake gungume biyu lafiya. A bakin ruwa ta tsaya ta yi huci, sannan ta yi irin na ɗanyun dawaki, ta daka tsalle tun daga nesa kamar za ta haye kogin gaba ɗaya. Da suka dira, ƙafar hagu ta fita. Wannan ba sabon abu ba ne, kowa na rasa likkafa. Ƙarfe mai nauyi yakan faɗo ya rataya a inda aka bar shi, ƙafa ta same shi ko ido a rufe. Wannan kuwa sai ta tashi sama tana rawa, tana bugun cikin goɗiyar. Mai lafiyayyen idon sawu zai karkata yatsun ƙafa ya kamo ta. Ƙafar Dorcas ba ta karkata. Ta nema, ta nema, ba ta samu ba. Haka ta tsallake gungumen da ke bayan ruwan da likkafa ɗaya, ta matse cinya, sannan ta ja linzami ta tsaya.

Ba ta faɗi ba. Amma Misis Hollis tana jingine a shinge, ta gani, kuma ba ta ce komai ba. Da ta yi faɗa da ya fi sauƙi.

Dorcas ta zauna a kan bokiti a ƙofar barga, likkafu huɗu a gabanta. Ta hagun mahaifinta ta matse, na aron biyu ba su da nauyi. Ta daɗe tana jujjuya ta hagun mahaifinta a hannu. Wurin takawar ya sule saboda ƙafafun mutum biyu. Ta ga cewa duk shekarun nan ta ɗauka ƙarfen ne gadon, shi ya sa ta yarda ta saɓa wa maganar tsohon don ta riƙe kayansa.

Wendell ya zo ya ce ta ba shi likkafar ya sa ta a wuta ya buɗa ta kaɗan. Ta ce ba za ta ɗora ranta a kan ƙarfen da aka gasa aka miƙe ba, kuma shi ma ya sani, neman magana kawai yake yi. Ya yi dariya, ya tafi motarsa, ya yi ta haƙa cikin tarkace. Ya dawo da wata tsohuwar likkafa ta maza, babba, mai nauyi, duk ta yi baƙi. Tasa ce, tun zamanin da yake hawa, kafin dawaki su fara kallon tumbinsa suna ja da baya.

Ta tambaye shi ina 'yar'uwar likkafar. Ya ce tana ƙasan wani rafi tun ranar da ya daina hawa.

A wurin mutanen nan likkafa biyu-biyu take zuwa. Fita da wari daban-daban kamar zuwa coci ne da takalmi baƙi da ja. Dorcas kanta ta sha yi wa masu koyo dariya a kan abin da bai kai wannan ba. Ta ɗauki ta Wendell a hannun hagu, ta mahaifinta a hannun dama, ta auna nauyinsu. Kusan ɗaya.

"Za su yi dariya," ta ce.

"Ai ƙafafun naki ma ba wari ɗaya ba ne yanzu, tsohuwa."

Ta goge ƙarfen da yashi da tsumma har ya ɗan yi haske, ta ɗaura shi a hagu. Da safe ba ta je bayan rumbu ba. A tsakiyar fili ta hau, a gaban kowa, ta nufi ƙofar filin tsalle inda Misis Hollis ke tsaye. Ba ta yi alkawari ba, ba ta ce ta warke ba. Ƙafa kawai ta miƙa. Misis Hollis ta dubi likkafar dama, ta dubi ta hagu. Sai ta cire safar hannu ta cusa yatsa ta ciki, ta cusa ta waje. Ya shiga duka biyun.

"Wuce, Mis Dorcas," ta ce, ta buɗe ƙofar.

Tansy ba ta koyi hankali a dare ɗaya ba. Ta sake daka tsallen nan na wauta a bakin ruwa, ƙafar hagu ta sake fita. Ƙarfen ya yi lilo sau ɗaya, ya dawo ya rataya a wurinsa. Ƙafar da ba ta juyawa ta sauka a kansa kamar mai taka matakalar gidansu. Suka tsallake gungumen, suka wuce ramin, suka hau tudu da sukuwa. Da ta dawo, wandonta ya jiƙe har ƙugu. Wendell ya tambaye ta ko ta gaishe masa da likkafarsa ta ƙasan ruwa. Ta ce ya matsa, yana tare wa doki iska.

An yi dariyar wari daban-daban na ɗan lokaci, sannan aka saba. Likkafar hagun mahaifinta tana rataye a ƙusa jikin ƙofar filin, a kanta ake saƙala igiyar ƙofa. Dorcas ta san ƙafar za ta ƙara kauri, kuma wata rana yatsa zai ƙi shiga ko a ta Wendell. Ba ta maganar ranar. Har yanzu tana tsayawa a ƙofar tana kama ƙafar kowa. Abin da ya sauya shi ne, duk safiyar da za ta fita, sai ta fara miƙa tata ga wanda ke kusa, ko wane ne, ta jira.