Akwatin Faya-fayan Yaya Zulai

Ina wanke shinkafa da hantsi Kaltume ta shigo, mayafinta a hannu. Kaltume 'yata ce, ita kaɗai Allah ya bar mini. Ta tsaya a bakin ƙofa, magana ta ƙi fita. Shekaru ke nan rabon da in ga in'ina ta shaƙe ta haka. Tun kafin ta iya cewa "Khala", wato inna da Larabci, na gane wadda muka rasa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Zulai, maƙwabciyarmu a unguwar Kurayyat, ta yi sallar asuba, ta kishingiɗa a kan dardumarta, ba ta ƙara tashi ba.

Sai da furfura ta fito mini na koyi baƙi, har yanzu alƙalami yana yi mini nauyi. Da an bar baiwar Allah nan ta kwanta da mutuncinta, da addu'a kawai zan yi mata in yi shiru. Amma na zauna a makokinta, na ji da kunnena ana miƙa gahawa da dabino ana cewa, "Allah dai ya yafe mata, ta mutu da kiɗan Japan a ƙarƙashin gado." Wadda ta faɗa, Yaya Zulai ce ta yi mata wankan jego har ta yi arba'in, lokacin da danginta ko leƙowa ba su yi ba. To tunda akwatin nan aka zaɓa a tuna ta da shi, bari in faɗi abin da ke cikinsa.

An haifi Yaya Zulai a Sudan, ta ƙetaro teku zuwa ƙasa mai tsarki da mijinta, ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Ta daɗe tana aiki a gidan wani Bajapane mai shigo da rediyo. Matarsa ba ta da kowa a garin nan, sai garmahonta da faya-fayan waƙoƙin ƙasarsu. Ta jera su akwati-akwati, kowane akwati da sautin da sunayen waƙoƙinsa suke farawa da shi. In ta kira suna, Yaya Zulai ce mai ɗaukowa. Ba ta iya rubutunsu ba, da hoton bango take ganewa, har ta haddace. Da za su koma gida, matar ta ce ta zaɓi akwati ɗaya, ta haɗa mata da garmahon. Ta zaɓi na waƙoƙin da sunansu ke farawa da "ka". Ba don sun fi daɗi ba. Ta san wata yarinya a maƙwabta da wannan sautin ya hana sakat.

A shekarar ne na sa Kaltume a makarantar 'yan mata. Yarinya ba ta iya faɗin sunanta. In malama ta tambaye ta, sai ta tsaya a kan "ka" har hawaye ya zubo. Yara suna bin ta a lungu suna cewa, "Ka-ka-ka, kaza za ta yi ƙwai." Malamar ta kira ni ta ce, in ba ta iya amsa suna ba, gara in riƙe ta a gida. Babu rubutun da ban ba ta ta sha ba, babu turaren da ban turara mata ba. Tunanina kullum, ranar da askari zai tare ta a hanya ya tambayi sunanta da iƙamarta, wato takardar zaman ƙasa, ba na kusa, wa zai yi mata magana?

Yaya Zulai ta ce in riƙa tura mata ita bayan la'asar. Dokar ɗakinta ɗaya ce: ba ta sa faifai sai an kira sunansa. Kaltume ta nuna da yatsa, Yaya Zulai ta ce, "Yatsa ba ya kiran waƙa a ɗakin nan." Yarinyar ta noƙe. Sai Yaya Zulai ta ce mata, "Wa kike jin kunya? Daga nan har kasuwar Balad babu mai jin Japananci. In kin yi kuskure, ni da ke ne kawai muka sani, ni ma ɗin ban tabbata ba." Kaltume ta yi dariya, ta gwada. Ta daɗe a kan sunan farko. Yaya Zulai tana ɓare gyaɗar da take sayarwa a bakin makaranta, ko ɗago kai ba ta yi ba, har sunan ya fito. Sannan ta karkaɗe zanenta, ta ɗora allura.

Haka suka bi akwatin nan faifai bayan faifai. Wannan, in ji ta, waƙar iska ce, wannan ta kogi, wannan ta wata mata mai laima da ke jiran jirgin ruwa a cikin ruwan sama. Ta koya mata ta ja numfashi, ta ja sautin a hankali yadda mawaƙiyar ke ja, kada ta fizge shi. Wata rana na shiga na tarar Kaltume ta maƙale, na buɗe baki zan ƙarasa mata, kamar yadda na saba tun tana ƙarama. Yaya Zulai ta riƙe mini hannu. "Asabe, ki bar ta ta ƙarasa. Kina cin abinci da bakinta ne?" Wata rana kuma, bayan sun gama akwatin, ta ɗaga faifan da babu shi, hannu wofi, ta ce, "Saura waƙa ɗaya. Ya sunanki?" Ina tsakar gida na ji 'yata ta ce "Kaltume" tiryan-tiryan. Na zauna a kan turmi.

Wannan ne kiɗan da ake nema mata gafara a kansa. Matar da ko an kira sallah tana tsakiyar waƙa take ɗage allura. Matar da ba ta taɓa ɗaga sautin ya wuce labulenta ba. Ni ba malama ba ce, ban ce na san hukunci ba, Allah ne masani. Amma na san masu maganar nan suna nan lokacin da 'ya'yansu ke kiran 'yata kaza, kuma babu wadda ta tsawata.

Ranar uku ƙanen Yaya Zulai, Usmanu, ya zo daga unguwar Waziriyya, mutumin da sai a yi Sallah biyu ba a ga ƙeyarsa ba. Ya fito daga ɗakinta rungume da akwatin, ya ce zai kai juji ya farfasa, ya sauke wa 'yar'uwarsa nauyi. Zuciyata ta tafasa. Amma tsoron da ya fi cin raina daban ne. Kaltume tana makarantar horon malamai yanzu, bayan Sallah za ta tsaya gaban masu jarrabawa ta yi darasi da baki, ga shi tun ranar rasuwar ba ta haɗa kalma biyu ba.

Sai ga ta ta tare ƙofa.

"Ka... ka..."

"Yalla ya binti, yi sauri 'yata, rana tana yi," in ji Usmanu.

Wata daga cikin matan ta ce, "Kawu take son cewa, baiwar Allah."

Kalmar tana kan harshena ni ma. Na haɗiye ta. Na ce, "Ku bar ta ta ƙarasa."

Na ga kafaɗunta sun ɗaga, ta ja numfashi, ta ja sautin a hankali. "Kawu, da waɗannan na koyi faɗin sunana. In zubarwa za ka yi, ka zubar a ɗakina."

Usmanu ya dubi matan, ya dubi ƙasa. Ya dire akwatin a gabanta, ya ce, "Halas, shi ke nan, ɗauki. Garmahon dai an riga an kai shi kasuwar gwanjo." Ashe abin da ya haramta a ɗakin marigayiya bai haramta a kasuwa ba. Na ƙyale shi, albarkacin wadda muke zaman makokinta.

Akwatin yana ɗakinmu yanzu, babu abin da za a ɗora faya-fayan a kai. Bayan la'asar Kaltume takan buɗe shi, ta ɗauko ɗaya-ɗaya tana kiran sunayensu. Wani ya fito sumul, wani sai ta yi fama. Ina tsakar gida ina ji, ina kame bakina.

Ya Allah, ka jiƙan Zulai, ka yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Yadda ta yi haƙuri ta jira harshen 'yata, ka tabbatar da nata harshen a wurin tambaya. Ka ba Usmanu da sauran danginta na nan da na Sudan haƙurin rashinta, ka shiryi bakunanmu a kan waɗanda suka riga mu. Ita kuma marainiyar da ta bari ba tare da ta haife ta ba, ranar da za ta tsaya gaban masu jarrabawa, ya Allah ka ba su haƙurin su bar ta ta ƙarasa. Amin.