Ranar da Uwar Sanyi Ta Goya Askirim

Uwar Sanyi ta rasu a kan kujerar shagonta, ludayi na hannunta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, don a duniya dai ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba.

Gajeriya ce, mai faɗin baya, in ta ƙyalƙyale da dariya har ƙarshen layi ana ji. Shagonta na askirim bai fi ɗakin wanka girma ba. Firiza ɗaya ce mai gurnanin tsohuwar mota, sai benci, sai tukunyar da take dafa madara da sukari da gwaiduwar ƙwai tun da sassafe. Da hannu take bugawa, ta sa a firiza, ta fito da shi ta sake bugawa, har sai ya yi laushi kamar auduga. Na mangwaro, na ayaba, na kwakwa. In mutum ya ce a ba shi ƙaramin kofi, sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ƙaton mutum kamar ka? Ai wannan ko haƙorinka ba zai jiƙa ba." Ta cika masa har yana bin yatsunsa, ta riƙe ƙugu tana jiran ta ga yadda zai runtse ido in sanyin ya hau masa kai.

Tana da wata ɗabi'a. In za ta kai wa wani askirim gida, ba ruwanta da leda ko kwando. Sai ta zuba shi a ƙaramar kula, ta jera ƙanƙara, ta naɗe da tawul, ta ƙara da bargon jarirai, ta saɓa a baya ta ɗaure da zani. Ta ce bargo ne ke hana zafi shiga, hannuwa kuma na riƙe ƙarfen babur ne.

Shagon da ke jikin nata na Tela ne, aminiyarta tun suna 'yan mata. Wata shekara aka yi wa Tela aiki a ciki. Aiki ya yi kyau, amma ta daina cin abinci. A kawo wannan ta kau da kai, a kawo wancan ta juya wa bango fuska. Likita ya gaya wa 'ya'yanta gaskiya: in ba ta fara ci ba, ciwon ba zai haɗe ba. Ita kuwa Tela har ta fara rabon kayanta, keken ɗinki na wance, almakashi na wance.

Uwar Sanyi ta je dubiya, ta zauna a bakin gado tana masifa ƙasa-ƙasa.

"Ke dai muguwa ce. Ki mutu ki bar ni da wa? Atamfata ma ba ki gama ba."

Tela ba ta yi dariya ba. Can ta motsa busassun leɓɓanta ta ce, "Da na mangwaronki ne..."

Ba ta ƙarasa ba, Uwar Sanyi ta kai ƙofa.

Rana ta take tsaka lokacin da ta fito daga shago da goyonta, ta yafa mayafi a kai. Asibitin yana can wani gefen gari. Ta tare mai babur ta haye.

"Ɗana, taka shi! Rai ne a hannunka!"

Mai babur ya waiga ya ga ƙunshi a bargo ba ya motsi, ya yi salati, ya murɗa. Suka shiga cunkoso, yana hon yana ihu a ba su hanya, yaro ba lafiya. Ita ba ta ma ji shi ba, hankalinta na kan ruwan da ya fara gangaro mata a gadon baya. Ƙanƙara ta fara sallama. Wata mata daga tagar bas ta leƙo ta ce, "Baiwar Allah, yaronki ya jiƙa ki!" Uwar Sanyi ta ɗaga mata hannu kawai.

A ƙofar asibiti akwai maigadin da ba ya barin kowa ya shiga sai lokacin ziyara. Yana hango ta a guje, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ya wangale ƙofa da kansa. Ta nufi ɗakin mata tana haki. Wata nas ta sha gabanta, ta sa hannu a kan bargon, ta zabura.

"Inna lillahi! Ya yi sanyi ƙalau! Tun yaushe?"

"Tun safe," in ji Uwar Sanyi, da ɗan alfahari ma, don numfashinta bai kai ta yi dogon bayani ba.

Kafin ta ankara nas biyu sun kama ta ta kowane gefe, sun yi ɗakin gaggawa da ita. Tana cewa su sake ta narkewa zai yi, suna cewa Mama ki yi haƙuri, ki yi ta addu'a. Likita ya taso, aka kwance zani, aka shimfiɗa ƙunshin a gado a hankali. Ya ɗaga bargo. Ya ɗaga tawul. Ya tsaya. Ya buɗe murfin kula, ƙamshin mangwaro ya cika ɗakin.

Likita ya fashe da dariya. Sai nas ɗin farko ta zame ta zauna daɓas a ƙasa, tana dariya tana hawaye tana dukan cinya.

"Mama, kin kashe ni! Wallahi kin kashe ni!"

"To wa ya ce miki yaro ne? Likita, don girman Allah rufe min, kana sa masa iska."

Da likitan ya ji na Tela ne, sai ya daina dariya. Ya rufe kular, ya rungume ta da kansa, ya ce ta biyo shi. Haka suka ratsa baranda, likita a gaba, Uwar Sanyi a baya zaninta sharkaf, nas-nas na biye suna tuntsirewa.

Da aka buɗe kular a bakin gadon Tela, gefe-gefen askirim ɗin ya narke ya zama ruwa, amma tsakiyar na nan da ƙarfinta. Uwar Sanyi ta haƙo daga can, ta tallafo kan Tela da hannu ɗaya.

"Buɗe bakin, 'yar nema."

Tela ta buɗe. Ta riƙe shi a harshe, ta lumshe ido, maƙogwaronta ya motsa. Nas ta kasa haƙuri, ta fara ba ta labarin jaririn da aka kawo ɗakin gaggawa, Tela ta dafe wurin ɗinkin tana roƙon a bari don Allah, dariya na ja mata ciwo. Tsakanin dariyar ta sake buɗe baki, aka ba ta. Ta sake buɗewa.

Da ta ƙoshi, ta kama gefen jiƙaƙƙen zanin aminiyarta ta riƙe gam, kamar za a ƙwace mata.

"Gobe na ayaba za ki kawo," in ji ta. "Kuma ki ce wa yaran nan kada wanda ya taɓa min keke."