Filin da na ɓoye wa Yayana

Shekarun baya, lokacin da nake Libiya, na yi wani abu da har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, ko da ni kaɗai ne a ɗaki. Maganar ta daɗe da wucewa, an yafe, har an yi dariya a kanta. Amma tunda wasunku da ke waje kullum kuna tambayata yadda na sayi fili a gida ba a cuce ni ba, bari yau in ba ku labarin duka, har da wurin da na saba tsallakewa.

Aikin gona nake yi a can, a wata gonar zaitun mai nisa da gari. Ni kaɗai ne a cikinta. Mai gonar yakan zo sau biyu a mako, ya kawo min taliya da mai da ganyen shayi, ya zagaya, ya tafi. Sauran kwanakin daga ni sai injin ban ruwa. Wata rana sai in wuni ban buɗe baki ba in ba a salla ba. Har ta kai in na tayar da injin da safe nakan ce masa ina kwana, don dai in ji ko muryata tana nan.

Abin da ke riƙe da ni a lokacin saƙon muryar yayana ne. Mu biyu ne maza a wurin mahaifiyarmu, shi babba, ni auta. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, Yaya ne ya riƙe gidan da noman gero da wake a nan Madarunfa. Bai iya rubutu ba, don haka sai ya danna waya ya yi ta zuba: an yi ruwa a Safo bai iso mu ba, jakinsa ya turje a hanyar kasuwa har mutane suka taru, tafki ya cika, wance ta haihu, Inna ta ce in rage shan shayi. Saƙo guda sai in saurare shi sau biyar.

Ranar Juma'a nake shiga gari. Bayan masallaci mukan taru a ɗakin wasu 'yan Maradi, a dafa shinkafa, a ci, a yi hirar gida. Hirar kuwa ba ta wuce abu ɗaya: wane ya tura kuɗi a saya masa fili, ya koma ya tarar da iska. Akwai wani dattijo mutumin Ɗan Issa a cikinmu, wanda ƙanensa ya yi shekaru yana turo masa hoton gini, ashe ginin maƙwabci ne. Da ya ji ina maganar ina son sayen fili, sai ya ajiye cokali ya dube ni.

"Yaro, in za ka sayi ƙasa, ka ba bare, kada ka ba naka. Bare in ya ci, kana iya kai shi gaban hukuma. Naka in ya ci, uwarku za ta ce ka yi haƙuri."

Kowa ya ce gaskiya ne. Ni kuma na ɗauki maganar na koma da ita gona, inda babu wanda zai ce min a'a. Kwana shida ina juya ta ni kaɗai. Yaya bai taɓa cin ko dala tawa ba. Amma mutum in ya daɗe shi kaɗai, zuciyarsa ba ta rasa abin da za ta saƙa masa. Kafin wata Juma'ar na riga na yanke shawara.

Na kira wani abokina, wanda muka yi lakwal, wato makarantar boko, tare kafin in gudu daga aji huɗu. Shi ya ci gaba har ya zama mushe, wato malamin makaranta, yana koyarwa a garinmu. Na ce masa ina son fili na gina gida, a bayan gari, a kan tudu, kuma ba na son kowa na gidanmu ya sani.

Ya ce, "Har Yaya?"

Na ce, "Shi ma ya fi."

 Ya ce, "To. Kuɗinka ne. Amma ni ban so haka ba."

Maganar gaskiya, abokina ya yi min aikin da ko kansa sai haka. Da ya sami filin bai yarda an yi ciniki da rani ba, ya ce sai damina ta faɗi ya ga ko ruwa yana kwanciya a wurin, don kun san garinmu, akwai filin da da rani za ka rantse tudu ne, da damina sai kwaɗi. Ya bincika ya gano filin na gado ne, ya ce sai duk magadan sun zo, har da 'yar'uwarsu da ke aure a garin Sarkin Yamma. Aka yi ciniki a gaban maigari da shaidu, aka kafa turakun siminti a kusurwa huɗu, ya bi takarda har meri, ofishin magajin gari, aka buga hatimi. Ranar da ya turo min hoton takardar meri, ni da faransancina bai wuce na gaisuwa ba, sunana kawai na nema. Na gan shi, na ga hatimi a ƙasa.

Na tashi tsaye a tsakiyar gonar mutane, na ɗaga waya sama, na rasa wanda zan nuna wa. Wanda ya kamata in fara kira shi ne wanda na ɓoye wa. Na koma na zauna a gindin zaitun, na sha shayina.

Daga wannan watan saƙon Yaya ya canza. Babu labarin jaki, babu labarin tafki. Sai dai, "Auta, ina wuni? Muna lafiya. Ga Inna." In na kira shi, gaisuwa ce kawai, ya miƙa wa mahaifiyarmu waya. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau, aiki ne ya yi yawa. Na tambayi Inna, ta ce ita ma ta ga ya rage magana, wataƙila gajiya ce.

Ku ji wauta irin tawa. Maimakon in tsargu, sai na ce wa raina, ka gani ko? Ya ga kwana biyu ban turo da yawa ba, shi ne ya canza fuska. Da na ba shi sayen filin nan da yanzu wani labari ake. Har na je ɗakin Juma'a na yi wa dattijon nan godiya.

Shekara biyu aka yi haka. Su ne shekarun da suka fi min tsawo a Libiya. Tsofaffin saƙonnin Yaya nake kunnawa in ina gyaran bututu, har na haddace su, har nakan riga shi faɗin abin da zai faɗa. Wata rana wayar ta faɗa cikin kwatamin ruwa, duk suka tafi. Ranar na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro, kuma ko a lokacin ban yarda cewa kewarsa nake yi ba. Na ce wayar nake wa kuka.

Da na samu na dawo gida, ƙarshen damina ne. Yaya ya tarbe ni a tasha, ya rungume ni, ya ɗora jakata a amalanke. Ya yanka min zakara. Komai ya yi, sai dai hira. Kwana na uku na ce zan je gaida abokina, muka hau babur ɗinsa muka nufi bayan gari in ga filina da idona.

Muna isowa na sauka daga babur. An kewaye filin da shingen ƙaya. A ciki ga wake ya yi yaɗo, ga bishiyoyin bedi guda shida sun kai ƙirjina. Fili dai na mai shi, wanda ake kula da shi kullum.

Na ce, "Shi ke nan, an cinye ni! Kai da na amince wa, wa ka sayar wa?"

Abokina ya kashe babur. Wata tsohuwa da gidanta ke kusa ta leƙo jin hayaniya. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne na Libiya? Ai kamarku ɗaya. Sannu da zuwa. Kai dai ka yi dacen ɗan'uwa. Duk ranin da ya wuce, da amalanke yake kawo ruwa a tano, duro guda cur, yana ba itatuwan ga. Da mai filin gabas ya matsar da turke guda, shi ya tsaya har gaban maigari aka maida shi inda yake."

Na juya na dubi abokina. Ya ce in zauna. Muka zauna a kan turken siminti, shi a ɗaya gefen, ya ba ni labari.

Ashe ranar cinikin, da aka taru, maigari ya tambaya wa ke tsaya wa mai saye daga danginsa. Abokina ya ce shi ne wakili. Maigari ya ce wakilci daban, dangi daban, yaron nan ba daga sama ya faɗo ba, yana da wa a garin nan, a kira shi. Aka tura aka ɗauko Yaya daga gona, da kwashensa na noma a kafaɗa, ƙafafunsa duk ƙasa. A gaban magada da shaidu da 'yan kallo aka ce masa ƙanensa ne ke sayen fili. Ya dangwala yatsa a takardar maigari, wadda ni ban taɓa neman gani ba. Da aka watse ya ja abokina gefe ya ce kada ya gaya min. Ya ce in na so ya sani, zan faɗa masa da bakina.

Shekara biyu yana jira in faɗa. Ni kuma ina can ina yi wa wani dattijo godiya.

Ban koma gida ba, gonarmu na wuce. Na tarar da shi yana ɗaurin damin gero. Na gaishe shi, na durƙusa, na rasa ta inda zan fara. Shi ya sauƙaƙa min.

"Ka je ka gani?"

"Na gani, Yaya."

"Bedin kusurwar yamma bai kama da kyau ba, akuya ta ci kansa. Sai an sake."

Na ce, "Yaya, ka yafe min."

Ya ci gaba da ɗaurinsa har ya gama damin, sannan ya zauna a kai.

"Auta, takardar da ka yi, ka yi daidai. Ko ni ka ba, sai na ce a yi ta. Zamani ya lalace, ban ga laifinka ba. Abin da ya ci min rai guda ne. Maigari ya dube ni a gaban jama'a ya ce, ka san da maganar ga? Na ce na sani. Ban taɓa yin ƙarya gaban maigari ba sai ranar. Na yi ta ne don kada a ce 'ya'yan gidanmu ba su yarda da juna ba."

Ina nan durƙushe. Ya ce in tashi, rana tana yi, in kama masa mu ɗora damin a amalanke. Muka ɗora. A hanya ya ce ya yafe, kuma kada Inna ta ji, don ita har yanzu ta ɗauka tare muka shirya.

Na sake komawa Libiya na yi shekara uku, a cikinsu aka gina gidan, kuma Yaya ne ya tsaya a kan ginin tun daga tushe har rufi. Hira ta dawo tsakaninmu, ba laifi. Sai dai wani abu ya shigo da babu shi a da. Duk abin da na turo, ba ya taɓawa sai ya kira abokina ya tsaya. In an sauke siminti sai ya sa a ɗauki hoto a turo min. Na ce masa, "Yaya, don Allah ka bari, ni na yarda da kai." Ya yi dariya ya ce, "Na sani. Hakan dai ya fi." Ba da gatse yake faɗa ba. Shi ya sa ya fi min ciwo.

To, masu tambaya, ga amsarku. Ku jira damina ku ga filin. Ku tabbata duk magada sun yarda. Ku yi a gaban maigari da shaidu, ku kafa turaku, ku bi takarda har ta fito da sunanku. Duk wannan ban yi nadamar ko ɗaya ba. Amma takarda ba ta hana ka ɗaga waya ka ce wa naka, ga abin da nake shirin yi, ga wanda na sa, ina so ka sani. Ni na haɗa tsare dukiya da ɓoye wa ɗan'uwa na ɗauka abu guda ne. Kuma ku yi hankali da shawarar da kuka yanke kuna ku kaɗai a ƙasar mutane, bayan kun saurari wanda aka cuta. Ciwonsa gaskiya ne, amma ƙanensa ne ya cuce shi, ba yayanku ba.

Yanzu ina zaune a gidan da iyalina. Yaya yakan biyo da la'asar in ya taso daga gona. Na ware masa ɗaki a zaure, na ce nasa ne, ya shiga ya fita yadda ya so. Har yau bai taɓa shiga ba sai ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya jira na fito na ce masa bismilla.