Ranar Da Oronzo Ya Sa Kwat

Oronzo Manieri tela ne. Shekara arba'in da bakwai yana ɗinka wa mazan garin Nardò kwat, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa da riga a yamutse. Yanzu yana da shekara tamanin da uku, matarsa ta rasu, yatsun da suka saba da allura sun daina jituwa da maɓalli. Wanka ma sai ya nemi izinin gwiwoyinsa.

'Yarsa Filomena, da ke aiki a birnin Torino, ta gindaya sharaɗi: ko hukuma ta ba shi mai zuwa gida tana taimaka masa, ko ya tattara ya koma wurinta, a bene hawa na shida. Wata takwas tana cike takardu kafin a sa ranar da ma'aikaciya za ta zo ta duba halinsa.

"Baba, don Allah kar ka yi aski," in ji ta a waya. "Ka bari ta gan ka yadda kake."

"Baƙuwa ta same ni da singileti? Ɗiyar wa kika ɗauki kanki?"

Ranar, tun da safe ya fara sa kwat ɗinsa. Maɓalli shida suka ci masa awa biyu. Ya ɓoye sandarsa a bayan labule, ya dafa gahawa, ya fito da kofunan aurensa.

"Kana iya sa kaya da kanka, Baba?" ma'aikaciyar ta tambaya.

"Yarinya, ni na ɗinka su."

"Girki fa?"

"Gahawar da kika shanye aljani ne ya dafa?"

Har bakin titi ya raka ta, a miƙe kamar soja. Kwana biyu ya yi cikin kwat ɗin, don ya kasa cirewa, sai da maƙwabciya ta zo ta kwance shi.

Takarda ta iso bayan wata guda: mutumin yana kula da kansa sarai, ba ya bukatar kowa.

Yanzu yana Torino, yana kallon rufin gidajen mutane ta taga. Takardar kuwa ya sa an yi mata gilashi, tana rataye saman gadonsa. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa.

"Karanta. A rayuwata jarrabawa ɗaya na taɓa ci, kuma ita aka roƙe ni in faɗi."